Abin Da Ke Bayan Littafin Zubi: Ƙungiyarmu Da Allurar Korona



Da kwamitin biki suka ce kowace tsohuwar mamba ta rubuto wani abu daga tarihin ƙungiyar nan, na so na zame. Na ce ni da na fara riƙe biro da girmana, a ajin yaƙi da jahilci na yamma bayan na tashi daga kasuwa, ina ni ina rubuta tarihi? Sai Hajiya Shugaba ta ce ai littafin a hannuna yake, in ban rubuta ba wa zai rubuta? Littafin da take nufi tsofaffin cikinmu sun san shi, mai shuɗin bango, wanda muke rubuta zubin adashi. Sababbin shiga ne ba su san abin da ke bayansa ba. Idan kika juya shi kika buɗe ta baya, akwai wani lissafi da ba na kuɗi ba, wanda na yi da hannuna a 2021. Labarin wannan lissafi zan ba ku, amma sai na faro daga shekarar da ta gabace shi.

A ƙarshen watan Fabrairun 2020 aka ce an samu mai korona na farko a Najeriya, wani ɗan Italiya a Legas. Mu a Kasuwar Rimi dariya muka yi, muka ce ciwon masu hawa jirgi ne. Ranar 11 ga Afrilu aka ce ta shigo Kano. Ranar 16 ga wata Gwamna Ganduje ya sa dokar kulle ta mako guda, kafin watan ya ƙare kuma Shugaba Buhari ya ƙara mako biyu. Ana cikin haka azumi ya kama.

Wadda ba ta yi ciniki ba ba za ta gane abin da kulle yake nufi ba. Ni busassun kayan miya nake sayarwa, kuka da kuɓewa da daddawa da barkono, nawa ba ya ruɓewa, sai dai ya zauna yana kallona. Masu tumatir da alayyahu da masu awara su suka ga tashin hankali. Kuma dukkanmu abin da aka samu yau shi ake ɗorawa a wuta gobe. Mako na farko muka ci riba. Na biyu muka fara taɓa uwar kuɗi. Kafin salla da yawanmu sun cinye jarin kaf, wasu har da akuyar da aka ajiye don layya.

Ga kuma mutuwa. A watan Afrilun nan ba a yin kwana biyu ba ki ji sanarwar rasuwa a unguwa ba, yawanci dattawa, malamai da 'yan boko da 'yan kasuwa. Masu haƙar kabari ne suka fara faɗa cewa aikin ya fi na kullum. Aka yi ta musu, wasu su ce zafi ne, wasu su ce hawan jini da ciwon suga ne da rashin asibiti, don asibitocin kuɗi da yawa sun rufe ƙofa. Daga baya, a watan Yuni, ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce binciken da aka yi ya ƙirga mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce sanadi. A cikin makonnin nan muka rasa Iya mai man gyaɗa, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar nan. Tari ta yi da numfashi sama-sama kwana huɗu. Ba a gwada ta ba. Ba mu je zaman makoki ba, ta waya muka yi wa 'ya'yanta gaisuwa, kuma har yau abin yana cina. Allah Ya jiƙanta.

Adashi kuwa tsayawa ya yi cak. Wadda kwasarta ta zo daidai makon kulle ta kira ni tana kuka, ta riga ta yi alkawarin kayan ɗakin 'yarta. Me zan ce mata? Babu wadda ta zuba. A waya muka yanke shawara, daga wannan a kira waccan, cewa a dakatar da zubi, a fasa asusun ajiya a sayi gero da masara a raba. Wasu ba su ji daɗi ba, suka ce kuɗinsu ne aka yi sadaka da shi. Ƙungiyar nan ba ta taɓa kusantar watsewa irin lokacin ba.

Da aka fara sassautawa, Litinin da Alhamis aka ba mu, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, kuma kasuwannin da aka ambata su ne 'Yankaba da 'Yan Lemo. A ganina wanda ya tsara wannan bai taɓa zuwa cefane ba. An ce kada a yi cunkoso, sannan an tattara cefanen garin Kano gaba ɗaya an cusa shi cikin awa shida. Ban taɓa shan matsi irin na ranakun nan ba, takunkumi a haɓa, kowa na numfashi a wuyan kowa. Aka yi ƙaramar salla ba hawa. A farkon Yuli aka ɗage kullen, yara suka koma makaranta a Oktoba, a Disamba aka buɗe iyakar Maigatari da ta Illela, waɗanda tun Agustan 2019 aka rufe saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, tun kafin a san korona.

Ku riƙe wannan lissafin, don shi ne tushen gardamar da ta biyo baya. Kasuwa ta buɗe a Yulin 2020. Allura ba ta iso ƙasar nan ba sai ranar 2 ga Maris 2021, lokacin da jirgi ya sauke kusan miliyan huɗu na AstraZeneca a Abuja ta hanyar shirin COVAX. Wata takwas ke nan muna ciniki, muna biki, muna cika adaidaita sahu, mutuwar nan ta Afrilu ta lafa. Sai ga shi an ce mu miƙa dantse. Likita aka fara yi wa a Babban Asibitin Ƙasa ranar 5 ga Maris, washegari aka nuna Buhari da Osinbajo a talabijin ana yi musu. Wata a layinmu ta ce, "Wa ya leƙa cikin sirinjin? Ƙila ruwa ne." Ta ƙara da cewa lokacin da muke neman kwanon gero ba a zo ba, sai yanzu da allura kyauta?

Masu ilimi sukan ce jahilci ne ya sa mutanenmu gudun allura. Ni da na fito daga cikin jahilcin ina da ja. Mutanen Kano suna da abin tunawa. A 1996, ina amarya, aka yi annobar sanƙarau. A lokacin ne kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Asibitin Zana, cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A 2003 kuma, zamanin Malam Shekarau, aka dakatar da ɗigon shan-inna bisa zargin yana hana haihuwa, sai a 2004 aka ci gaba da wanda aka sayo daga Indonesiya. Ni kaina na taɓa ɓoye ɗana a bayan randa da masu ɗigo suka yi sallama, ba zan ɓoye muku ba. Wannan dakatarwa ta jawo cutar ta sake bazuwa har wasu ƙasashe, yara suka shanye. A Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe masu aikin ɗigon su tara a nan Kano, mata irinmu masu neman na cefane. Sai a Agustan 2020, muna tsakiyar korona, aka ce Afirka ta rabu da shan-innar daji. To kun ga tarihin nan kaifi biyu gare shi. Akwai inda yarda ta cuce mu, akwai inda ƙin yarda ya cuce mu, kuma kowace a cikinmu ɓangaren da ya taɓa gidansu take tunawa.

Ga waya kuma. Kullum da saƙon murya da za a turo a WhatsApp: duk wanda aka yi wa zai mutu cikin shekara biyu, mace ba za ta ƙara haihuwa ba, wurin allurar yana kama ƙarfe kamar maganaɗisu. A cikin tarkacen nan akwai guda ɗaya mai tushe. A watan Maris ɗin 2021 wasu ƙasashen Turai sun dakatar da AstraZeneca na ɗan lokaci saboda daskarewar jini da aka gani a jikin mutane ƙalilan, daga baya Denmak ma ta daina amfani da ita gaba ɗaya. Mun ji a BBC Hausa. Masanansu suka ce abin yana faruwa amma da wuya ƙwarai, kuma amfanin ya rinjayi haɗarin. Sai dai da kika ji gaskiya ɗaya a cikin ƙarya goma, sauran taran ma sai su yi kama da gaskiya.

Zagayen farko na ma'aikatan lafiya ne da manya, kuma bai yi nisa ba, don Indiya da ke sarrafa allurar ta tsayar da fitarwa saboda tata annobar. A Agusta aka buɗe wa duk wanda ya kai shekara 18, bayan Amurka ta aiko da Moderna miliyan huɗu, wasu iri-iri ma suka shigo. A taronmu na watan nan aka yi ta har murya ta dushe. Ma'ajinmu tana da ciwon suga, likitanta ya ce ta yi. Wasu suka ce in ta yi ta mutu, wa ya san inda kuɗinmu suke? Aka yi dariya, amma ba wasa suke ba. Sai malamarmu ta yaƙi da jahilci, wadda muka gayyato, ta ce wata magana. Ta ce ku da ba kwa ba da bashin naira ɗari sai kun rubuta, me ya sa wannan za ku bar shi a ji-ta-ji-ta? Waɗanda suka yarda su je, a rubuta abin da ya same su, kowa ta gani.

Mu bakwai muka je asibitin sha-ka-tafi na unguwa, kowace da izinin maigidanta. Nawa cewa ya yi, "Ki je, in kin kwana lafiya ni ma na je." Na ce to, Malam, na gode da aka mayar da ni zakaran gwajin dafi. Aka rubuta mu, aka yi mana a dantsen hagu, aka ce mu zauna ɗan lokaci kafin mu tafi, aka ba mu koren kati. Bayanin da ma'aikaciyar ta yi mana bai wuce "ba komai, ɗan zafi ne" ba. Layi ya yi mata yawa, ban ga laifinta sosai ba, amma wannan "ba komai" ɗin ta so ta ɓata mana aiki.

Don akwai komai. Da daddare dantsena ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutsen niƙa, ban iya ɗaga tulu ba. Wannan mai sauƙi ne. Allura ta biyu ce ta kayar da ni: sanyi ya rufe ni cikin dare har haƙora na haɗuwa, kai kamar zai tsage, gaɓoɓi duk suna ciwo. Na kwanta ina tuna saƙon shekara biyun nan, na ce shi ke nan, tawa ko shekarar ba za ta kai ba. Har na faɗa wa babbar 'yata inda na ajiye littafin bashi. Na sha farasitamol, na yini a kwance, rana ta biyu da la'asar na tashi na daka daddawa. Da an gaya mini tun farko cewa zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu abu ne da aka sani, alamar jiki yana karɓar allurar, da ban yi wasiyya ba.

Haka na juya littafin zubi na ja layi: suna, ranar allura, abin da ta ji, kwana nawa. Ma'aji ba ta ji komai ba sai ƙaiƙayi. Wata dattijuwa mai sayar da tabarmi ta ce ita barci kawai ta sha. Wata ta yi zazzaɓi bayan kwana takwas ta ce allura ce, muka matsa mata ta je gwaji, aka ga maleriya, damina ce. Na rubuta duka biyun, abin da ta ce da abin da gwaji ya ce. Maganar maganaɗisu kuwa a gaban kowa muka gwada a dantsena da cokalin shayi. Ya ɗan manne, aka yi salati. Sai malama ta ce a goge gumi da man shafawa a barbaɗa hoda. Cokali ya faɗi ƙasa. Aka manna shi a goshin wata da ba a yi wa allurar ba, ya zauna daram.

Akwai abin da ba a faɗa a rediyo ba, sai a tsakaninmu mata. Biyu daga cikinmu al'adarsu ta gurgusa, ta ɗaya ta makara, ta ɗayar ta zo da yawa fiye da yadda ta saba. Ga mace wannan ba ƙaramin abu ba ne, lissafin sallarta ne da ramuwar azuminta, ga kuma tsoron maganar haihuwa. Kunya ta hana su tambaya a asibiti, ni suka faɗa wa a kunne. Na rubuta ba tare da suna ba, na bi su wata biyu, komai ya koma daidai. Daga baya binciken likitoci a ƙasashen waje ya tabbatar da cewa allurar takan ɗan gusar da al'ada na ɗan lokaci sannan ta daidaita. Mu mun riga mun gani a littafinmu.

Inda aka kai ruwa rana shi ne maganar ɓari. Wata ƙaramar mambarmu ta yi allura, bayan wata biyu ta samu ciki, cikin ya zube. Hajiya Shugaba, da kyakkyawar niyya, ta ja ni gefe ta ce, "'Yar nan, kada ki sa wannan, za ki tsorata mutane." Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, duk layin nan an san ta yi ɓari. In suka buɗe littafi ba su gani ba, sauran abin da na rubuta ma ya zama ƙarya." Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska ba. Na rubuta, da yardar mai abin. Sannan na ɗauko ɗaya littafin, na gudummawa, inda muke rubuta abin da aka kai wa mamba in ta haihu ko ta yi ɓari ko an yi mata rasuwa. Muka bi shekarun baya tun kafin korona, sai ga shi babu shekarar da ba mu kai gudummawar ɓari ba. Na karanta musu duka a taro. Ban ce allura ce ba, ban ce ba ita ba ce, don ni ba likita ba ce. A watannin da suka biyo baya wasu daga cikin waɗanda aka yi wa suka haihu lafiya, ita ma mai ɓarin ta haifi namiji a shekara ta gaba, duk na rubuta. Bayan taron nan ne mata suka fara zuwa rumfata ɗaya-ɗaya, a sayi kuka ta hamsin, a ce, "Yaya, ɗan karanta mini na wance." Hajiya Shugaba da kanta ta zo daga baya ta ce in raka ta.

Kada in cika baki, littafinmu bai kai aikin Hajji tasiri ba. A 2020 da 2021 babu maniyyacin da ya tashi daga Najeriya. Da Saudiyya ta buɗe a 2022, ta ce sai mai shaidar allura kuma wanda bai haura shekara 65 ba, kujerun Najeriya dubu 43 da 'yan kai. Nan take waɗanda suka rantse ba za a taɓa su ba suka bi layi. Kafin nan, daga 1 ga Disamban 2021, gwamnatin tarayya ta ce ma'aikatanta sai da kati ko shaidar gwaji za su shiga ofis, masu allura kuma suka fito har kasuwanni da tashoshin mota. An yi ta jin labarin masu sayen kati ba tare da allura ba. Wata ta tambaye ni ko zan sa ta a littafi a matsayin wadda ta yi, na ce littafin nan na dantse ne, ba na kati ba.

Abu ɗaya da ya ƙona mini rai a Disambar nan shi ne hoton da aka nuna na katafila tana murƙushe allura sama da miliyan ɗaya a juji a Abuja, wai wa'adinta ya ƙare. Hukuma ta ce ƙasashen da suka ba mu sun aiko da ita saura 'yan makonni ta lalace. Duk 'yar kasuwa ta san wannan ciniki. Ka riƙe kwandon tumatir sai ya fara ruwa, sannan ka ce ka ba maƙwabci kyauta. Waɗanda suka ƙi allura a cikinmu suka ce kun gani ko? Ban sami amsar ba su ba ranar.

Har yau akwai mambobinmu da ba su yi ba, kuma ba mu taɓa sa shi sharaɗin zama a ƙungiya ba. An kawo shawarar haka sau ɗaya, muka ƙi. Maƙwabciyar rumfata, wadda ta yi maganar ruwa a sirinji, tana nan lafiya ƙalau, takan ce mini ga shi ita ma ba ta mutu ba. Nakan ce mata ni ma shekara biyun ta wuce. A watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama annobar gaggawa, mu a lokacin wahalar canjin kuɗi ce ta ishe mu, ba mu ma lura ba.

Adashi ya dawo a ƙarshen 2020 da rabin zubin da, kuma wadda kwasarta ta faɗa cikin kulle ita aka fara ba. Asusun ajiyar da muka fasa sai da muka shekara biyu muna mayarwa. Mutum uku da suka fita saboda rabon geron, biyu sun dawo.

Shuɗin littafin ya cika, an sayi sabo. Kwamiti sun ce a kawo tsohon wurin biki a ajiye a kan tebur. Zan kawo, amma shafukan baya zan naɗe su in sa fil, don akwai sirrin mutane a ciki. Wadda take son ganin nata layin ta same ni bayan an ci abinci.